Rumbun Mai Albashi

Akwai wani darasi da ba ya cikin jadawalin kowane aji na kwalejin nan, ba a kuwa rubuta jarrabawarsa a takarda. Amma duk wanda ya ƙare karatu ya kama aikin koyarwa, ya yi iyali, lalle za a riƙa jarraba shi a kansa kowane wata har ran da zai bar aiki. Darasin nan shi ne yadda mutum zai riƙe gidansa da abinci, kada a wayi gari murhu ya kwana ba wuta. Na ga ya kamata mu yi nazarinsa tare tun kuna ɗalibai, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Manomin ƙauye ba ya bukatar a karanta masa wannan. Shi albashinsa sau ɗaya ya ke zuwa a shekara, watau da kaka. Ya ɗaure dammunansa, ya jera a rumbu, ya liƙe baki. In ya leƙa ciki ya san ko zai kai wata kakar ko ba zai kai ba, tun da sauran lokaci kuwa ya ke sani. Mai albashi shi ne ke cikin ruɗu. Hatsi yana bin shekara, albashi yana bin wata, ciki kuwa yana bin rana, ukun nan ba su taɓa jera kafaɗa ba. Aikin maigida da uwargida shi ne su daidaita su.

A da mutumin Gombe ba shi da wannan damuwa sosai, don kusan kowa yana da gona a bayan gari. A 1919 ne aka dawo da fadar Sarkin Gombe nan Doma daga Nafada, garin yana ɗan ƙarami. Jirgin ƙasa ya iso a 1963, cinikin auduga da gyaɗa ya jawo mutane. Ran 1 ga Oktoba 1996 garin ya zama babban birnin jiha. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 260,000 a ƙaramar hukumar Gombe kaɗai, bayan nan kuma 'yan'uwanmu da fitina ta koro daga Borno da Yobe suka ƙaru a kai. Inda kakanni suka yi noma yau gidajen haya ne. Ka zaga Jekadafari, ko Bolari, ko Pantami, ko Tudun Wada, da wuya ka ga rumbun laka a tsakar gida. Sabon malami ciki da falo zai kama, wataƙila ma ciki ɗaya. To, tilas ya gina rumbunsa da lissafi, tun da ba shi da filin gina shi da laka.

Farkon lissafin shi ne ku san abin da gidanku ke ci. Kada ku yi dariya. Ku tambayi magidanta 10 mudu nawa na hatsi ke shiga tukunyarsu a wata, za ku sha mamakin yawan waɗanda za su yi ta sosa ƙeya. Mutum ya san kuɗin hayarsa har kwabo, ya san na makarantar yara, amma abin da ya fi cin albashinsa bai san adadinsa ba. Wadda ta sani ita ce mai girki, ita kuwa ba a cika tambayarta ba sai ran da buhu ya ƙare, sa'an nan a tsare ta da cewa, "Har ya ƙare?" Wannan ba tambaya ba ce, neman faɗa ne. Abin da ya dace shi ne miji da mata su zauna su sami ƙaramin littafi, su yi kwana 30 suna rubuta duk abin da aka ɗiba, da mudu ɗaya tak wanda ba a sakewa. Ku 'yan mata da ke karatu a nan, wannan magana taku ce ta fuska biyu, gama da yawa cikinku za ku riƙe ludayi, ku kuma riƙe albashi.

Ga misali. Mu ɗauka gida ne mai mutum 8, manya da yara, ana cin mudu 2 na tsaba kowace rana, tsakanin tuwon dare da kokon safe. A wata mudu 60 ke nan, a shekara 730. Mu ɗauka kuma buhun da ka saya ka juye shi ka auna ya ba da mudu 80. In ka raba 730 da 80 za ka sami buhu 9 da mudu 10. Na ce ka auna da kanka, don mudu ba ɗaya ba ne. Na Gombe daban, tiyar Kano daban, har cikin kasuwa ɗaya ma a kan sami mudun da aka doki gindinsa ya shige ciki. Buhu kuma wani ya fi wani ciki.

Amma gidan Bahaushe, ko na Bafillace, ko na Batere, ko na Batangale, ba masu gidan kaɗai ke ci ba. Ga baƙo daga ƙauye da ya zo asibiti zai yi mako, ga almajiri a ƙofa, ga maƙwabciya da ta haihu, ga ƙanen miji da aka kawo karatu. Wanda ya yi lissafi bai sa waɗannan ba ya yi lissafin wani gida, ba nasa ba. Sai ku ƙara kashi 1 cikin 10. Ga misalinmu, 730 da 73 sun zama 803, watau buhu 10 har da ɗan ɗigo. Da ka sa rabon baƙo a lissafi tun farko, ba za ka ɗaure fuska ran da ya yi sallama ba.

Yanzu kun san nawa. Saura yaushe.

Ruwa a ƙasar Gombe ya kan sauka wajen Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke cikin Oktoba. Gero ke fara nuna, sai masara da gyaɗa, dawa da wake su ne na ƙarshe, wajen Nuwamba da Disamba. A lokacin nan manomi yana da bukatar kuɗi, zai biya bashin taki, zai aurar da 'ya, sai hatsi ya cika kasuwa. Ku je Tudun Hatsi a watannin nan ku ga yadda a ke sauke buhuna daga Kumo, da Dukku, da Bajoga, da Deba, manyan motoci kuma suna lodi zuwa Kudu. Daga nan farashi ya kan soma hawa sannu sannu, har ya kai ƙololuwa da malka, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai fito ba. Wannan tafiya tsohuwa ce, kakanninmu sun san ta. Mai saye da mudu kowace rana yana bin ta duka, daga araha har tsada. Mai saye da kaka kuwa ya sauka tun a tashar farko.

Na san abin da za ku ce. "Malam, ina sabon malami zai ga kuɗin buhu 10 a wata ɗaya?" Gaskiyarku. Ba ya gani, ni ma ban ce ya gani ba. Amma akwai dabara wadda na fi so ku riƙe bisa duk abin da ke cikin shafin nan. In ba ka iya sayen na shekara, sayi na watannin wuya. Daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Satumba kwana 122 ne, a mudu 2 kullum ya zama 244, kusan buhu 3 ke nan. Ka sayi ukun nan da kaka, ka ɗaure, ka ɗauka ba ka da su. Ka ci gaba da awo a kasuwa muddin farashi yana ƙasa. Sai ran da masu awo suka fara kuka, kai kuma ka kwance naka. Wahalar dabarar nan ba a saye ta ke ba, a haƙuri ta ke. Buhun da a ke gani kullum a ɗaki yana kiran hannu, ran da albashi ya yi jinkiri a Fabrairu sai zuciya ta ce, "Ɗebi mudu 5 kawai, ka mayar." Ba a mayarwa.

Kuɗin buhu 3 kuwa adashi yana iya kawo shi. In kun shiga adashi da abokan aiki, ku roƙi a ba ku kwasa a Nuwamba ko Disamba. In duk kuna son watan, to, ku daina kwasa bi da bi, ku tara daga Janairu, da kaka ku aiki mutum biyu amintattu kasuwar ƙauye su sayo wa kowa, a raba kuɗin mota. A wuraren aiki da yawa akwai ƙungiyar gama kai ta ma'aikata wadda ke sayo hatsi tana cirewa a albashi kaɗan kaɗan. Wannan ma hanya ce, amma ku tambayi jimlar abin da za ku biya, ku gwada da farashin kasuwa na ranar kafin ku sa hannu.

Sai dai ku lura da abu guda. Na ce farashi ya kan hau bayan kaka, ban ce kullum ya ke hawa ba. A Yuli 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara, da shinkafa, da alkama, da wake na kwana 150. Cikin 2025 farashin hatsi ya yi ta sauka, waɗanda suka ci bashi suka tara buhuna don riba suka kwana ciki. Wanda ya saya don ci bai yi wata hasara mai zafi ba, ya dai ci tuwonsa da ɗan tsada. Saboda haka ku sayi abin da ciki zai ci, kada ku ci bashi mai ruwa a kansa. Tanadin iyali daban, ɓoye abinci don a matsa wa jama'a daban. Na farko hankali ne, na biyu kuwa malaman addini sun yi hani da shi, hukuma ma ta kan sa baki, kamar yadda aka rufe waɗansu ɗakunan ajiya a kasuwar Dawanau ta Kano a Fabrairu 2024.

To, ka je kasuwa da kuɗinka. Kada ka yarda da abin da ke bakin buhu, a kan yi masa kwalliya. Sa a zura maka daga tsakiya da gindi. Dubi tsakuwa, dubi ƙaiƙayi, dubi huda. Amma abin da ya fi waɗannan duka shi ne bushewa. Ɗauki ƙwayar masara ka ciza. In ta fashe da ƙara, ta bushe. In haƙori ya nutsa, da saura. Akwai kuma gwajin gishiri, mai sauƙi ƙwarai. Ka sami kwalba busasshiya, ka zuba tafin hannu na hatsin da cokalin gishiri busasshe, ka rufe, ka girgiza, ka bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin yana da danshi, sai ka ƙara shanya shi kafin ka ɗaure. Sabuwar masarar Oktoba ta fi kowacce araha, amma rabin arahar ruwa ne. Kana saye da nauyi, rana tana kwashewa.

Danshi ba hasarar nauyi kaɗai ya ke jawowa ba. Masara da gyaɗa in sun kwana da laima su kan yi fumfuna, wata irin fumfunar kuwa tana fid da dafi wanda masana ke kira afulatoksin. A Ingila aka fara gane shi, a 1960, sa'ad da talotalo wajen 100,000 suka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗar Barazil. Ga mutum yana cin hanta a hankali, yana cikin abubuwan da ke kawo ciwon dajin hanta, an kuma danganta shi da tsumburewar yara. Dafuwa ba ta kashe shi. Don haka ƙwayar da ta sake launi, ko ta yanƙwane, ko ta yi ɗaci, a tsince ta a zubar. Kada uwargida ta ce tana tattali ta haɗa ta a niƙa.

Bayan danshi sai ƙwari, nan ne kuwa na ke so in daɗe kaɗan, gama nan a ke hasarar rai. Gero yana da jimiri, dawa ma ba laifi, masara ta fi su rauni, wake shi ne marayan cikinsu. Ƙwaron wake tun daga gona ya ke biyo shi, ƙwansa yana manne a jikin ƙwaya. In ka ajiye buhu haka nan, cikin 'yan watanni sai ka tarad da shi duk huda, yana zub da gari. Don gudun wannan ne waɗansu 'yan kasuwa, har da magidanta, ke yayyafa wa wake maganin feshin gona. Kash! Sun tsare buhu sun bar ciki. A 2008 a nan Gombe an kwashi 'yan mata fiye da 100 daga wata makarantar sakandare zuwa asibiti bayan sun ci wake, aka kuwa ɗora zargin a kan maganin ƙwarin da aka adana shi da shi. A Yuni 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da ta samu a ciki. Abin da baƙi suka ƙi saya don tsoron ransu, bai kamata mu dafa wa 'ya'yanmu ba. In ka buɗe buhu ka ji warin magani, ko ka ga farin gari a jikin ƙwaya wanda ba na ƙwaro ba, bar shi ko da kyauta ne.

Akwai kuma ƙwayar nan da a ke jefawa cikin buhu, wadda 'yan kasuwa ke kira bom. Ita iska mai guba ta ke fitarwa da zarar ta sha laima. An yi ta ne don manyan ɗakunan ajiya da a ke rufewa ruf, a hannun wanda ya san aikin. Mai ciki da falo, wanda buhunansa ke bayan gado yara suna kwance kusa, ba shi ba ita. Ta kashe mutane cikin barci.

To, me za a yi? Ƙwaro ma numfashi ya ke yi kamar mu. Hana shi iska, ya mutu da kansa, ba ka sa kome a abincinka ba. A kan wannan aka gina buhun nan mai riɓi 3 da a ke kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙago tare da masu bincike na Afirka, aka soma yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda 2 ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Za ka zuba busasshen wake ko masara, ka matse iska, ka murɗe bakin ledar farko ka ɗaure, ka yi wa ta biyu haka, sa'an nan na waje, kowanne da ɗaurinsa. Kafin ka zuba ka duba ko akwai huda, gama huda ɗaya ta ɓata aikin duka. In an kula da shi ya kan yi kaka fiye da ɗaya. Wanda bai sami wannan ba, jarka ta ishe shi, ko duro mai murfi, muddin ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki ba. A wanke, a bushe sarai, a cika har wuya, a sa leda a baki a murɗe murfi, kada a buɗe sai an yi makonni da dama. Jarka ma ta fi dacewa da ƙaramin gida, don kana buɗe ɗaya sauran suna rufe, ɓera kuma ba ya samun ta da sauƙi.

Kada ku raina dabarun tsofaffi. Su kan cuɗa wake da tokar murhu da aka tankaɗe, ko da yashi mai laushi, su cika tulu su liƙe, hikimar ɗaya ce da ta leda. Su kan bar gero da dawa a zangarniyarsu ba a sussuke ba, don sun fi daɗewa haka. Musulmi da Kirista duk mun san labarin Annabi Yusufu da tanadin shekara 7 a Masar. Mai gidan haya ba shi da wurin dami, amma yana iya ɗaukar rabin darasin, watau kada ya kai buhu guda injin niƙa gaba ɗaya. Tsaba tana shekara, gari kuwa cikin 'yan makonni ya ke sake wari. A surfa na mako ɗaya ko biyu, a niƙa, a shanya garin ya huce kafin a rufe.

Inda za a ajiye ma abin lura ne. Garin Gombe cikin kwari ya ke, tuddai na kewaye da shi, in an yi ruwa mai ƙarfi duk nan ya ke gangarowa. Waɗanda suka ga ambaliyar daminar 2004 ba sa bukatar a tuna musu. Ko ba ambaliya, siminti yana tsotso laima daga ƙasa. Ka ɗora buhunanka bisa katako ko bulo, ka bar tazara tsakaninsu da bango yadda tsintsiya za ta wuce, ka kuma nisanta su da kananzir da sabulu, gama hatsi yana ɗaukar wari. Wanda ya fara shiga shi ya fara fita.

Kayan wata ba su da wuyar sha'ani, ba zan daɗe a kansu ba. Su ne man gyaɗa, da manja, da gishiri, da sukari, da dunƙulen miya, da daddawa, da kuka, da kanwa, da sabulu, da ashana, da abin wuta, ko itace ne, ko gawayi, ko gas. Ran da albashi ya shigo a fara da su kafin kuɗi ya ga hanya. Ku gwada wannan da kanku: ku sayi kwalba ɗaya ta mai, ku ƙidaya ƙulli nawa na mai tebur za ta fitar, ku haɗa kuɗin ƙullin. Bambancin shi ne harajin da marar hali ke biya don rashin halinsa. Amma fa a yi gaskiya, galan cike ya kan sa hannu ya yi sake. Maganinsa a riƙa tsiyaya na mako a ƙaramar kwalba, a ɓoye babbar. Wajen gishiri ku nemi mai aidin, wanda doka ta wajabta sa shi tun 1993 don maganin maƙoƙo, ku rufe shi kada ya sha iska da rana. Tun 2002 kuma aka wajabta ƙara bitamin A cikin sukari, da fulawa, da man girki na kamfani, za ku ga alamar ido a jikin mazubin. Rashin bitamin nan shi ke kawo dundumi. Manja yana da nasa tun daga itace.

Saura cefanen yau da kullum, wanda shi ne ya fi kawo ɓacin rai tsakanin miji da mata. Maigida ya yanka kuɗin cefane tun shekarar aure, farashi ya ninka, shi yana nan a kan tsohon adadi, in miya ta yi ruwa kuma ya yi ƙorafi. Uwargida ta cika daga kuɗin ƙosanta ko na ɗinkinta ba ta faɗa ba, har ran da abin zai fashe. Shawarata ga kowane namiji ita ce ya ɗauki kwando da kansa ko sau ɗaya a wata ya shiga Babbar Kasuwa. Zai dawo da ladabi.

Kayan miya ma suna da kakarsu, sai dai tasu da rani ta ke. Daga Janairu zuwa Maris tumatir, da tattasai, da attaruhu, da albasa na masu lambu, irin na wajen Kwadon da Dadin Kowa, su kan yi arha har a rasa mai saye. Da ruwa ya kusa sauka sai su zama gwal. A 2016 wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a jihohin Arewa da dama, aka yi watanni miya ba ja. Gidan da aka yanka tumatir da rani aka shanya kauɗa bisa tabarma mai tsabta, aka busar da kuɓewa, da karkashi, da barkono, bai ji zafin abin kamar sauran ba. In kuma akwai ɗan fili bayan ɗaki, ko da tsofaffin bokitai ne, zogale da yakuwa da alayyafo ba su ƙi ruwan wanke-wanken hatsi ba.

Wataƙila wani ya ce duk wannan wahala ce a kan 'yan nairori. Bari in tuna muku abin da ya faru ba da daɗewa ba. Daga Janairu zuwa Maris 2023, lokacin sake takardun kuɗi, mutum yana da albashinsa a banki amma ba ya iya fid da na mudu ɗaya, mai awo kuwa ta ce ita tsaba ta sani. Ran 29 ga Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, kowane buhu ya tashi tare da shi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Yuni 2024 farashin abinci ya ɗara na Yunin 2023 da fiye da kashi 40 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi kuwa sai a Yuli 2024 aka ɗaga shi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Kun ga kasuwa ta riga albashi da shekara guda da 'yan kai. Cikin wannan tsakani malamai nawa suka bar aji tun kafin tashi suka hau babur suna neman na cefane? Ba na zarginsu. Amma yaran da aka bari a aji su ma sun biya wani abu, ba su kuwa san dalili ba.

Azumi da salla, da Kirsimeti, ba su zuwa ba sanarwa, amma kullum sai su tarad da mu kamar baƙin dare. Watan azumi yana matsowa gaba da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ku duba inda zai faɗa, ku ware geron kunu, da waken ƙosai, da tsamiya, da hatsin zakkar fid da kai tun da kaka. Sukari da mai a saye su wata guda kafin a ga wata.

Game da littafin mai shagon unguwa, ban ce haram ne ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, mai shagon kirki kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma in kowane albashi rabinsa na wucewa wajen biyan abin da aka riga aka cinye, ba za a taɓa tara na kaka ba, mai bashi kuma ba ya taya farashi. Ku riƙe naku littafin daidai da nasa, kada kuma a aiki yaro karɓo kaya ba da sanin mai biya ba.

Ku da za ku fita gwajin koyarwa, darasin nan yana shiga aji 5 da aji 6 na firamare ba tare da an ƙara kome a manhaja ba. Ku zo da mudu, da sikeli, da buhun yashi a madadin hatsi, yara su auna da hannunsu, su yi ninkawa da rabawa a kan gidan mutum 8 ɗin nan, sa'an nan ku sake adadin. Ku manna babbar takarda a bango, farkon kowane wata yara biyu su tambayo farashin mudun masara, da na gero, da na wake, a rubuta. Kafin shekara ta zagayo za su ga hawa da saukar da idonsu, su kai labarin gida. Amma ku yi aiki da gidan misali kawai. Kada ku tsai da yaro a gaban 'yan'uwansa ku ce ya faɗi mudu nawa a ke dafawa a gidansu, ko me ya ci da safe. A kowane aji akwai wanda amsarsa ita ce bai ci ba, ya kuwa fi so a doke shi da ya faɗa.